Purna Man Ghale, Mutumin da Ya Ɗauke Mana Wuta da Rana Tsaka

Kafin masu shayin Kalbesi su ɗora tukunya, Purna Man Ghale ya riga ya gangara bakin kogin Rumti. Ba ɗakin injuna yake fara shiga ba. Wurin da ruwa ke shiga tashar wutar lantarki yake fara zuwa, ya ɗauki doguwar manjagara ya kwashe abin da kogi ya kawo: ganye, rassa, tsohon takalmi, wani lokaci har mushen akuya. Sai ya wanke hannu ya shiga ciki, ya ɗora tafinsa a jikin kowane inji kamar yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. Idan ɗumin ya yi masa, ya ce, "Daidai," sannan ya zauna ya sha shayinsa mai madara. Da hantsi matarsa Manmaya ta aiko masa da shinkafa da miyar wake. Da yamma kuma, in zai hau tudu zuwa gida, tafiya yake yana waiwayen gidajen mutane, yana duba ko akwai tagar da ba ta da haske.

Haka yake yi tun ina budurwa, ga shi yanzu gwiwoyina sun daina yarda da hawan tudu. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki a tashar wutar lantarkin garinmu. Na ji an ce za a rataya masa furanni, shugaban tasha ya yi jawabi, a ba shi agogon bango. Agogon bango fa! Mutumin da zakarun unguwarsu ke jiran motsinsa kafin su yi cara. Ni Ambika ce, na yi aikin jinya a ɗakin haihuwa na asibitin Kalbesi har na tsufa, kuma kowa ya san bakina bai saba da yabo ba. Amma ba zan zauna ina kallo a sallami wannan bawan Allah da agogo da tafi kawai ba.

Ba injiniya ba ne, kuma bai taɓa cewa shi injiniya ne ba. Da dakon dutse ya fara, lokacin da ake gina tashar, ya tsaya yana kallon masu haɗa injuna har suka gaji da kallonsa suka miƙa masa sufana. Mutanen Tudun Sama sun shaida shekarar da ƙasa ta zabtare ta tafi da turakun wutarsu, shi ne a gaba cikin laka, da sabon turke a kafaɗa. Tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a bakin gada ta sha faɗa mini cewa bai taɓa wucewa ya ga ƙwan fitilarta a mace ya bar shi ba. Irin waɗannan suna da yawa, kuma kowa na iya ba da nasa. Ni nawa labarin daban ne, don shi ne wanda garin nan ya yi shekaru yana yi masa dariya a kai.

A shekarar da Turawa ke kira 1999, mu a kalandarmu muna cikin 2056. Rediyo kullum magana ɗaya: wai kwamfutocin duniya lamba biyu kawai suka sani ta shekara, kuma ranar da 99 ta juya ta koma 00 za su rikice, jirage su ɓata a sama, wuta ta ɗauke a ƙasashe. A rumfar shayi abin ya zama abin nishaɗi. Kesar, abokin aikin Purna, wanda bakinsa ba ya hutu, shi ne kan gaba.

"Wai sai yanzu za su shiga dubu biyu?" in ji shi. "Mu babana yana saurayi muka shiga, ko atishawa ba mu yi ba. Su zo mu koya musu yadda ake tsallakawa, kuɗin shayi kawai za su biya."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Ita tasharmu ƙarama ce, amma tana haɗe da babban layin wuta na ƙasa, kuma 'yan shekaru kafin nan wasu baƙi sun zo sun kafa mata kwamfuta. Da za su tafi suka bar doka mai ƙarfi: kada wanda ya taɓa saitinta, duk wanda ya taɓa za a ɗauke shi daga tashar. To amma kwamfutar kwanan watan Turawa take nunawa, mu kuwa komai namu da kalandarmu yake tafiya, albashi, hutu, biki, har ranakun da tasha ke sakar wa manoma ruwa. Sau ɗaya aka rikita kwanakin, aka saki ruwa ranar da ba a sa rai ba, ya tafi da irin shinkafar wani dattijo. Purna ya ga dattijon zaune a kunyar gonarsa ya dafe kai. Washegari ya zauna gaban kwamfutar da yatsa ɗaya ya yi ta lalube har ya sa mata kwanan watanmu.

Abin bai zo da sauƙi ba. Watanninmu wani yakan kai kwana talatin da biyu, ita kuwa na'urar ba ta san da wannan ba, wata na biyu ma ko talatin ba ta yarda ya kai. Sai Purna ya riƙa lallaɓa ta, in ta yi gaba ya dawo da ita baya da safe, in wata ya kama ya daidaita ta. Ma'aikatan tasha duk sun sani, kuma suna alfahari da shi. Cewa suke Yaya Purna ya koya wa kwamfutar Turawa kalandarmu.

Da damina ta yi nisa, wata injiniya mai suna Urmila Pradhan ta bugo waya daga Kathmandu. An ɗora mata duba tashoshi masu yawa kafin ƙarshen shekarar Turawa, ba za ta iya taka kowacce ba, don haka ƙananan sai ta tambaye su ta waya. Shugaban tasharmu na lokacin, Mista Adhikari, baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba. Ta tambaye shi ko an gwada kwamfutarsu da shekarar da ta wuce dubu biyu. Ya leƙa allo ya ga 56, ya waiwayi ma'aikata suka ce ai ta daɗe da wucewa, shi kuma ya faɗa mata an gwada, lafiya lau. Ta cire Kalbesi daga wuraren da za ta je. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Mu dai mun ɗauka tunda mu mun wuce dubu biyu, kayanmu ma sun wuce.

Purna yana bakin kogi aka yi wayar. Da ya ji, abin ya tsaya masa a rai. Na'urar da ta ƙi yarda wata na biyu ya kai talatin, ta yaya za a ce ta koyi kalandarmu? Kuma ya tuna wani abu. Ranar da baƙin nan ke aiki shi ne ya riƙe musu fitila, ya ga sun buɗe wani akwati mai ruwan toka a bayan allo sun sa masa nasa kwanan watan. Akwatin ne ke buɗe ƙofar ruwa ya rufe, shi ne kuma ke haɗa garinmu da layin ƙasa. Wannan bai taɓa taɓa shi ba, yana can yana ƙirga kwanakin Turawa shi kaɗai.

Ya je ya faɗa wa Mista Adhikari ido da ido. Mutumin ba mugu ba ne. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "Purna, ka san dokar. In maganar nan ta je sama, kai za a ɗauke. Ga tsohuwarka ba ta iya tashi, ga matarka da ciwon ƙirji. Wataƙila ma babu abin da akwatin zai yi. Ni zan ɗauka ban ji ba, kai ma ka ɗauka ba ka faɗa ba."

A makon ne ya zo asibiti gyara mana soket ɗin da ke tartsatsi a ɗakin jarirai. Muna da kwalba guda ɗaya tak ta sa bakwaini, kuma duk ƙauyukan da ke kan tsaunukan nan ita suka dogara da ita. Ya gama gyara, amma bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon kwalbar, hularsa a hannu.

"Ƙanwata," ya ce, "in wuta ta ɗauke a tsakiyar sanyi, abin nan yakan riƙe ɗumi?"

"Na ɗan lokaci," na ce. "Sai mu koma gorar ruwan zafi da ƙirjin uwa."

"Janaretonku fa?"

"Wancan tsohon? Tari yake yi ya fi marasa lafiyarmu. In ya tashi yau, gobe sai an roƙe shi."

"To in wutar ta kwana ba ta dawo ba?"

Na harare shi, don ba na son irin wannan tambayar a ɗakin nan. Na ce, "Yaya Purna, ɗan da bai kai tafin hannunka biyu ba, a sanyin watan Pus, ba ya kai safiya. Me ya kawo wannan maganar?"

Ya sa hularsa, ya tambaye ni ko zai iya aron wayar asibiti. Wayar tamu a baranda take, kuma irin mai ƙarar nan ce, duk wanda ke kusa yana jin ɓangare biyu. Ni kuwa ban ga dalilin matsawa ba. Injiniyar nan ta Kathmandu ya kira.

"Madam, sunana Purna, ƙaramin ma'aikaci ne a Kalbesi. Amsar da aka ba ki, ba a yi miki ƙarya ba, amma ba daidai ba ce. Lambar da ke kan allon ni na sa ta da hannuna."

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Da farko dariya ta kama ta, har na ji tana faɗa wa wani a ofishinsu. Ta ce, "Kawu, ai kwamfutarka ba 2056 take ba, a 1956 ka ajiye ta. Wannan ba za ta dame mu ba." Da ya kawo maganar akwatin toka sai dariyar ta tsaya cak. Ta yi masa tambayoyi, wasu ya amsa, wasu ya ce bai sani ba. Can ta ce, "Kawu, ka san abin da kake jawo wa kanka? In na zo dole in rubuta abin da na gani."

"Na sani, Madam. Ki zo ɗin."

Ya ajiye waya, ya ce mini ya gode, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Kwana biyu bayan nan Manmaya ta tare ni a kasuwa wurin masu tumatir, idonta jawur. "Ke ce kika zuga shi, ko?" in ji ta. Na ce mata ni tambaya aka yi mini na amsa. Ta ce, "Da kin ce masa janaretonku lafiyarsa ƙalau, da me zai rage ki?" Na biya kuɗin tumatirina na wuce.

Madam Urmila ta ce hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya: a tura agogon akwatin gaba, a sa shi ya tsallaka shekarar tun yanzu, da rana, a lokacin zafi, kowa na tsaye. Ranar da aka yarda a tsayar da injuna kuwa guda ce a shekara, ranar Bishwakarma, wadda duk mai aiki da ƙarfe ke wanke kayan aikinsa, ya ɗiga musu jan kwalli, ya rataya musu furanni, ya bar su su huta. Da sassafe Purna ya biyo ta asibiti ya leƙa kwalba da idonsa. Babu kowa a ciki. Ya ce da akwai, da an fasa, ko da Madam ta yi fushi. Da na ga haka na bar wa abokiyar aikina ɗaki na gangara tasha, don abin da aka fara a barandata ina so in ga ƙarshensa.

Tasha ta sha ado. Injuna sun sha furanni, an kunna turare, ga soyayyen zoben shinkafa a faranti. Daga can cikin gari kana jin lasifikar makanikai da direbobi, sun yanka bunsuru suna kiɗa. Madam Urmila ta iso, 'yar siririya da ƙurar mota a gashinta, ta durƙusa bayan allo ta jona wa akwatin wata 'yar na'ura. Ta ce a bar inji guda yana juyawa, don a ga yadda akwatin zai yi da shi. Kesar ya ɓata rai.

"Haba, Yaya! Yau ranar hutunta ce. An yi mata kwalliya, an ba ta turare, kai kuma ka kawo baƙuwa ku yi mata ƙaryar kwanan wata? Ko kishiyar uwarka ce ai ka bari biki ya wuce."

"Na daɗe ina yi mata ƙarya, Kesar," in ji Purna. "Ta yau ce ta ƙarshe."

Madam ta sa daren ƙarshe na shekarar Turawa, saura ƙiris, muka zuba ido. Lambobin suka juya. Na ɗan wani lokaci babu abin da ya motsa, har Kesar ya buɗe baki zai yi magana. Sai muka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Kukan injin ya fara sauka, ƙofar ruwa ta rufe kanta, fitilun ɗakin suka mutu. Can cikin gari kiɗan makanikai ya yanke a tsakiyar waƙa. Akwatin bai tsaya ga kashe injinmu ba, har da layin ƙasa ya raba mu. Madam ta yi ta ƙoƙarin mayar da shi baya, ya ƙi ji. Ta ɗago ta kalli Purna, fuskarta ta canza, ta ce a hankali, "Kawu, da a cikin sanyi ne wannan ya faru, ina Kathmandu ina tsammanin kuna lafiya."

Purna ya tuɓe rigarsa ya ce wa Kesar ya kama ɗaya gefen. Da hannu suka tayar da tashar, irin yadda ake yi kafin zuwan kwamfuta, suna murɗa manyan ƙafafun ƙarfe, furanni na zubowa a kansu. Madam na riƙe da waya tana daidaitawa da masu kula da layin ƙasa. Sai da rana ta kusa faɗuwa wuta ta dawo.

Gari kuwa ya ɗauki zafi. An ɓata wa makanikai biki, mai ƙanƙara ya yi asara, masu gidan kallo sun mayar da mutane gida. Ba wanda ya tsaya jin bayanin akwati. Abin da aka sani shi ne Purna ya ɗauke wuta da gangan ranar biki saboda tsoron shekarar Turawa. Daga ranar aka laƙaba masa Baba Dubu Biyu. In ya wuce rumfar shayi sai wani ya ɗaga murya, "Baba Dubu Biyu, yau wace shekara muke?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Wadda kuka ga dama."

Sabon abin da za a sa wa akwatin sai an kawo daga ƙasar waje, kuma ba wanda ya san ranar isowarsa. Purna bai zauna jira ba. Duk ranar hutu da rana yakan tara ma'aikata ya sa su tayar da tasha da hannu, su sake, su kuma sakewa, har Kesar ya ce ko cikin barci aka tashe shi zai murɗa ƙarfen nan, kuma in ya mutu a rubuta cewa Yaya Purna ne ya kashe shi. Sanyi ya riga ya sauka sosai lokacin da Madam Urmila ta dawo. Direban motar ya ba mu labari cewa tun daga Kathmandu a cinyarta ta riƙe kwalin, ta ƙi yarda a ɗora shi a saman mota. Ta sa shi, ta sake gwadawa da rana, injin ko gezau.

Ana saura kwanaki kaɗan shekarar Turawa ta ƙare, aka sauko da wata mata daga ƙauyen da ke bayan tsauni, mijinta ya goyo ta a kwando. Ta haifi bakwaini, mace, 'yar mitsitsiya, kukanta ma sai ka kasa kunne. Muka sa ta a kwalba.

Ba zan ba ku labarin daren ba, don babu labari. Mu ba sabuwar shekararmu ba ce, yawancin gari barci suka yi. Na zauna kusa da kwalbar da gorunan ruwan zafi a shirye, ban yi amfani da ko ɗaya ba. Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da gari ya waye, raɓa ta daskare a kan ciyawa, na ji ana ƙwanƙwasa taga. Purna ne, idanunsa sun kumbura, a tasha ya kwana.

"Tana nan?" ya ce.

"Tana nan, har ta sha nono."

Ya gyaɗa kai ya juya ya tafi kwashe ganyensa.

A rumfar shayi kuwa sai abin ya zama sabo. "Kun gani? Babu abin da ya faru! Duniya duk lafiya, mu kaɗai aka ɓata wa biki a banza." Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce musu ai don an gyara ne babu abin da ya faru. Suka ce to ai ga shi ke ma kin faɗa, babu abin da ya faru. Ka ji mutane! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Doka kuma ta yi aikinta. Madam Urmila ta rubuta abin da ta gani kamar yadda ta ce, sannan ta bi ofis-ofis tana roƙo, da ƙyar ta samu aka tsaya ga canjin wurin aiki maimakon kora. Aka tura shi wata tasha can yamma mai nisa, inda sai ka sauka daga mota ka yi tafiyar ƙasa. Manmaya ta zauna da tsohuwa da gona. Yana can mahaifiyarsa ta rasu, kafin saƙo ya kai gare shi ya iso, an riga an kai ta bakin kogi inda muke ƙona mamatanmu, wani ne ya yi mata abin da ɗa ke yi wa uwarsa. Na je gaisuwa na same shi zaune a tabarma da farin mayafi, kansa a aske. Na ce masa, "Yaya, da ka san haka za ta kasance?" Ya ce, "Ƙanwata, kada ki tambaye ni yau." Ban sake tambayarsa ba. Bayan wasu shekaru aka dawo da shi Kalbesi a matsayin da ya tafi da shi, kuma a nan ya tsaya har yau. Washegarin dawowarsa aka gan shi a bakin ruwa da manjagara.

Yaya Purna, kai ne ka ga ƙofar tsira a buɗe, shugabanka da kansa ya riƙe maka ita, ka ƙi bi. Kai ne ka ce "ban sani ba" a inda ba ka sani ba, ka kira wadda ta sani, ka tsaya kusa da ita ka riƙe fitila. Kai ne ka zaɓi a zage ka da rana tsaka a kan a yi kuka da asuba. Mai tafin hannu a jikin inji, ka sha sunan tsokana shekara da shekaru ba ka taɓa tsayar da kowa a hanya ka ce ya saurari naka ɓangaren ba. Na sha jin haushin wannan shirun naka, wallahi, don ni da ni ce da garin nan bai huta da bakina ba.

Ku matasan da ke tasha yanzu, kuna da kwamfutoci da ko Madam Urmila ba ta yi mafarkinsu ba a lokacin, kuma kun fi Purna karatu nesa ba kusa ba. Ba na ce ku koma murɗa ƙarfe ba. Abin da nake roƙonku, ku da direbobi da masu jinya da duk wanda rayuwar wani ke rataye a aikinsa: in kun san akwai wani akwati a bayan allo da ba a duba ba, ku faɗa, ko da hannunku na cikin laifin, ko da an ce muku a bar maganar. Wataƙila ba za a gode muku ba. Irin wannan aikin in ya yi kyau ba a ganin komai.

Shekaranjiya na ɗaure gwiwoyina na gangara bakin kogi da sassafe, ba ni kaɗai ba. Akwai wata budurwa mai suna Sirjana da ta zo asibitinmu koyon jinya, doguwa, mai yawan dariya, 'yar ƙauyen bayan tsauni. Da na ji sunan uwarta da watan haihuwarta sai da na nemi kujera. Na ba ta labarin a hanya, tun daga gada har bakin ruwa. Muka same shi yana jan wani reshe. Ya ɗago ya kalle ta, ya kalle ni.

"Ƙanwata, da wannan gwiwar kika sauko? 'Yar wa kika kawo mini?"

Na ce, "Ka tuna garin nan sun ce babu abin da ya faru? To ga shi nan tsaye a gabanka, har ya fi ka tsawo."

Bai gane nan take ba. Da ya gane, manjagarar ta sulale daga hannunsa ta faɗa ruwa, bai ko kalle ta ba. Sirjana ta sunkuya za ta taɓa ƙafafunsa, ya tare ta. Ya goge hannunsa a rigar sanyinsa, ya sake gogewa, sannan ya ɗora tafinsa a goshinta. Ya daɗe a haka.

"Daidai," ya ce.

Mun gode, Yaya Purna. Su ba ka agogonsu, ka karɓa, ka rataya. Ni kyautata ke nan, kuma tun tuni kai ka biya ta.